Iya Haifaffiyar Musawwa

Ranar Talata da hantsi Mai abu Ya karɓi abinSa. Kakata, mahaifiyar babana, wadda duk gari ke kira Iya, ta cika a ɗakinta bayan ta sha kunu ta ce a ɗage mata labule iska ta shigo. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kafin azahar mun kai ta makwancinta a bayan gari, tsakanin gonakin geron da ke jiran yanka.

Na sha zaman makoki a wannan ƙauye namu na ƙasar Minjibir, amma ban taɓa ganin wanda mata ke shiga da hawaye, su fito suna toshe dariya da bakin mayafi ba sai nata. Goggona, autar Iya, ta leƙo zaure ta ce da ni, "Kana jin matan nan kuwa? Sai ka ce gidan suna." Ba ta rufe baki ba ita ma ta juya fuska bango, kafaɗunta suna rawa. Ban san ko kuka take ko dariya ba. Ina jin duka biyun ne.

Abin da ya faru, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta zauna ta yi gaisuwa, ta yi addu'a, sannan ta ce, "Allah Ya yafe mini, ni dai har ta koma ga Mahaliccinta ban yarda da zancen ruwan nan nata ba. A ce ruwa ya fi daga nan zuwa Kano faɗi, kuma ko akuya ba ta iya sha? To mene ne amfaninsa?" Daga nan kowacce ta kama kawo nata. Wannan ta tuna yadda Iya ke zagin awaki da yaren Italiya in sun shiga shanya. Waccan ta tuna ranar da aka fara kawo taliyar leda garin, Iya ta juya ta a hannu ta ce, "Sai yau ta iso nan? Lalle a ƙafa ta taho."

A waje kuma, wajen maza, da la'asar sai ga wata a-kori-kura ta tsaya, mutum bakwai suka sauko da buhun gero. Ba wanda ya san su sai ni da Baffa, yayan babana kuma babban ɗan Iya. Da aka yi addu'a aka shafa, wani ya matso ya tambayi Baffa a hankali ko su wane ne.

"Dangin Iya ne, daga ƙasar Zakirai."

"Dama Iya tana da dangi?"

Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki biro. Ban yi karatu mai nisa ba, kuma ban saba da dogon rubutu ba. To amma in aka bari, yaranmu za su tashi ba su san komai a kanta ba sai zagin awaki.

A Musawwa aka haife ta, wani gari na bakin Bahar Maliya, a wannan tsallaken da ke kallon ƙasar Makka. Mahaifinta mutumin ƙasar Zakirai ne. Da ƙuruciyarsa ya ɗauki matarsa suka nufi gabas a ƙafa don sauke farali, irin yadda ake yi a wancan zamani: a yi tafiya, a tsaya a yi noman damina ko ƙwadago, a ƙara gaba. Sun tsinci auduga a Sudan, daga baya suka ji an ce a Musawwa an fi samun jirgi, suka gangara can. A nan tafiyar ta tsaya. Ya kama aiki a inda ake yin gishiri, wurin da Iya ke kira gona. "Gona ce sosai," in ji ta, "fangali-fangali kamar lambun albasa. Sai dai ruwan teku ake shukawa, rana ta yi noma, mutum ya zo girbi."

Labarin garin ba ta ba da shi sai bayan la'asar, in ta soya gahawa a ɗan kasko, ta daka ta da citta, ta dafa a wata 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya. A garinmu ita kaɗai ke shan gahawa, sai ni da ta koya wa dole. Babana ya rasu da wuri, a ɗakinta na tashi, kuma wasan jika da kaka bai bar tsakaninmu ba har na fara furfura. "Mai gida" take ce mini, ni kuma in ce mata "amarya."

Wata rana na ce, "Amarya, wai ke 'yar wace ƙasa ce?"

"Je ka tambayi ƙasashen," in ji ta. "Ni ina tsakar gidanmu ina tankaɗe, su ne suka riƙa shigowa ba sallama."

Sai ta fara lanƙwasa yatsu. Turkawa ba ta gan su ba, gidajensu ta gani: dogaye, da tagogin katako masu sassaƙa, an gina su da dutsen da ake cirowa daga teku, mai huji-huji kamar saƙar zuma. Sun daɗe ƙwarai, har ba wanda ya san mai labarin farkon zuwansu. Misrawa suka karɓa daga hannunsu. Su ma ba ta riske su ba, amma tsohuwar da ta ba iyayenta ɗaki ta gan su tana yarinya. Ita ta ce su ne suka cike ruwa da duwatsu suka yi hanya daga tsibirin da garin yake zuwa tudu, kuma ba su gama ɗumama wuri ba Italiyawa suka sauka. A hannun waɗannan aka haifi Iya. Sun shimfiɗa layin dogo ya hau duwatsu, sun cika tashar jiragen ruwa da ƙarafa masu ɗaga kaya, sun kuma raba gari biyu, gefensu da gefen baƙar fata. "Gini kam sun iya," in ji ta, "sai dai in ka ga inuwa mai kyau, to ba taka ba ce."

Turawan Ingilishi ne abin dariyarta. Tana 'yar ƙarama suka ci Italiyawa da yaƙi suka shigo. "Kowa da bindiga ya zo, su har da sifana suka taho. Yau ka ga ƙarfe tsaye a bakin ruwa, gobe an kwance shi an loda a jirgi." Bayansu aka haɗa garin da Habasha, mutanen kan dutse da ba su da teku. Iya ta ce ta gane abin da ke damunsu: "Mai gonar tudu in ya ga fadama, ai ka san idonsa ba zai ɗauke ba." Amma 'yan wurin ba su yarda ba, aka yi ta yaƙi shekara da shekaru. Lokacin ta riga ta taho. A rediyo ta ji an yi wa garin ruwan bama-bamai, kuma ranar ba ta dafa gahawa ba. A rediyo kuma ta ji an ce yanzu ƙasa ce mai cin gashin kanta, sunanta Eritiriya.

Duk wannan sauye-sauye a kan mahaifinta ya ƙare. Ba a hawa babban jirgi sai da takarda. Ya samu ta Italiyawa, sai yaƙi ya rufe teku. Da aka buɗe, aka ce masa wannan takarda ta tafi da masu ita. Ya bi ta Ingilishi har ya samu, sai ciwo ya kwantar da matarsa, ya zauna jinya har ta rasu. Kafin ya farfaɗo, tuta ta sake. Akwai masu ƙetarewa a ɓoye cikin ƙananan jiragen iska, an sha ba shi shawara ya bi su, ya ce shi ba zai shiga ɗakin Allah ta kan katanga ba. A can ya rasu, kabarinsa yana kallon ruwan da bai ƙetare ba. Kakana, wanda ya biyo ta garin a hanyarsa ta dawowa daga Makka, shi ya aure ta ya kawo ta nan, ƙasar da ba ta taɓa gani ba amma aka ce mata gida ce.

Ta iso da Hausa mai gauraye da Larabci, ba ta iya riƙe fartanya ba, ba ta san gero daga maiwa ba. An ce ranar da ta fara ganin ruwan sama na tsakiyar damina, duk wata tukunya da ƙwarya da ke gidan sai da ta fito da ita tsakar gida, tana kiran mutane su taimaka kada ya zube a banza. A can sayen ruwa ake yi a salka. Har ta tsufa ɗan moɗa guda ke isarta alwala, kuma duk matar gidan da ta watsar da ruwan wanke-wanke ba a gindin gwanda ba, ranar ta ji huɗuba. In bazara ta tsananta mutane suna kukan zafi, sai ta ja zane ta rufe kafaɗa ta ce, "Yau kam da ɗan sanyi-sanyi." Ba ta fasa wannan tsokana ba har bara.

Ta koyi noma, ta koyi fura, ta koyi komai namu. Abu ɗaya ta ƙi koya, shi ne tambayar baƙo daga ina yake kafin a ba shi abinci. Shekarar da fari ya koro mutane daga tsallaken iyaka, wasu mata suka sauka a gindin kukar bakin gari da yaransu. Iya ta ɗora babbar tukunya. Wani dattijo ya ce mata, "Ki yi hankali, ba 'yan ƙasar nan ba ne." Ta ce, "Malam, na ga tuta iri-iri da idona, ban ga wadda aka ɗaura wa yunwa ba." Ba ta sauke tukunyar nan ba sai da damina ta faɗi suka koma.

In kuwa maƙwabta suka tashi rigima a kan layin gamba da ke raba gonaki, abin da a nan ba a yin damina biyu ba a yi ba, sai ta tsaya daga nesa da ƙwaryar furarta a ka ta ce, "Ku dai bi a hankali. Na ga waɗanda suka fi ku jiragen yaƙi, yau ko takalminsu babu a wurin." Ba kullum maganar ke kashe wutar ba, amma takan sa wani ya yi murmushi, in aka yi murmushi kuwa faɗa ya rage ƙarfi.

Rigimarta ita kanta, wadda ta fi kowace girma, da Baffa ta yi ta.

Baffa yana fataucin gyaɗa, kuma ya riga ya sauke farali. Wata shekara da kasuwa ta yi kyau, ya zo ya durƙusa ya ce ya biya mata kujerar Makka, shi kuma zai raka ta. Iya ta ce, "Ashe za a ƙarasa tafiyar." Saura fasfo. Ni aka ba takardar in cike, don ni ne mai rubutun gidan. Na rubuta sunanta, na zo kan layin da ke tambayar wurin haihuwa.

"Rubuta garin nan," in ji Baffa.

"Rubuta Musawwa," in ji Iya.

"Iya, shekararki nawa a nan? Dagaci ya san ki, zai sa hannu. In kika ambaci wata ƙasa tambayoyi za su taso, har jirgi ya tashi ba a gama ba."

"A nan aka binne cibiyata?"

"Wa zai tona ya duba?"

"Wanda za ni ɗakinSa."

Baffa ya juyo kaina. "Kai, rubuta abin da na ce."

"Mai gida," in ji Iya, "in ka rubuta, ka san aurenmu ya mutu, kuma ba biko."

Na ajiye biro na ce tawada ta ƙare. Ba wanda ya yi dariya.

Kwana uku Baffa yana zuwa gaisuwar safe, tana amsawa, amma goron da yake ajiyewa sai ta sa a mayar masa. A rana ta huɗu ta kira shi ta ce, "Ubana ya mutu yana jiran takardar gaskiya. In na tafi da ta ƙarya, me zan ce na ƙarasa masa? In kujerar za ta salwanta, ka ba wani, na yafe." Baffa ya ce, "Ku je ku gwada ku gani. Ni ba ruwana."

Muka shiga Kano ni da ita. Ma'aikacin da muka samu mutum ne mai haƙuri. Ya karanta takardar, ya ɗago kai.

"Mama, Musawwa a wace ƙaramar hukuma take?"

"Ɗana, mu can ba mu ga ƙaramar hukuma ba, sai manya."

Ya duba na'urar da ke gabansa ya ɗan jima. "Eritiriya ke nan."

"Haka na ji a rediyo. Ni dai ban zauna a cikinta ba, bayan na taho ta zo."

Ya yi dariya har ya kira abokin aikinsa ya ji. Sannan ya yi mana bayani. Haihuwa a waje ba laifi ba ce, kuma ba ta hana fasfo, muddin an tabbatar mahaifinta ɗan ƙasar nan ne. A kawo takarda daga dagacin garin mahaifin, a kuma samo wani daga danginsa da zai yi rantsuwa. Ya ƙara da cewa mu hanzarta, don saura mako biyu a rufe karɓar sunayen maniyyata.

A mota na ce, "Amarya, kin san garin kuwa?"

Ta ce ta sani. Ta taɓa zuwa sau ɗaya, farkon isowarta, kakana ya kai ta. Aka ba su ruwa a zaure, aka ce ba a san mai wannan suna ba, kuma ba a ce ta shiga ciki ba. Ta ɗauka Hausarta ce ba su gane ba, ko kuwa ƙyamar baƙuwa suke yi. Ba ta sake komawa ba, ba ta kuma sake tayar da zancen ba.

Baffa da ya ce ba ruwansa, ranar tafiya shi muka tarar a ƙofar gida ya kunna mota, ya sha babbar riga mai aiki. Ya ce don a ga mutuncinmu ne. Ni ma na sa sabuwar shadda, na rungumi jakar takardu, biro biyu a aljihun gaba. Sai daga baya na gane irin kamar da muka yi.

Ƙauyen yana gaba da Zakirai kaɗan, gonaki sun matse shi ta ko'ina kamar namu, ba ka ganin ko taku ɗaya da ba a nome ba. Iya ta gane gidan da tagwayen tsamiya da ke ƙofarsa. Aka yi mana shimfiɗa a zaure. Mai gidan tsoho ne tukuf, idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa maza uku suna zaune a bayansa. Ɗan ƙanin mahaifin Iya ne, ya ɗan girme ta. Gaisuwa ta tafi daidai har Baffa ya ambaci sunan mahaifin Iya, ni kuma na zuge jaka.

"Ba mu san shi ba," in ji tsohon.

"Wanda ya tafi gabas," in ji Baffa. "Yayan mahaifinka."

"Masu tafiya gabas suna da yawa, Alhaji."

Babban ɗan yana kallon jakata kamar maciji ne a ciki. A nan ne abin ya faɗo mini. A ƙasarmu, wanda zai tafi gabas a ƙafa ba ya sayar da gonarsa. Amana yake barin ta a hannun ɗan'uwa, kuma ko shekara nawa aka yi tasa ce, in ya mutu ta magadansa ce. Ga 'ya'ya uku, kowa da iyalinsa, ba shakka daga gonar nan suke ci. Ga mu kuma da mota, da babbar riga, da mai takardu da biro biyu. Duk wanda ya gan mu zai rantse gado muka zo karɓa. Abin da ya sa aka bar amarya a zaure shekarun baya ke nan, ba Hausarta ba.

Baffa ya fara ɗaga murya, Iya ta ɗaga masa hannu. Ta sauka daga kan tabarma ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafa kamar a ɗakinta.

"Yaya," ta ce da tsohon, "gefen gabas na gonar nan, har yanzu ba ya son dawa?"

'Ya'yan suka kalli ubansu.

"Ina tambaya ne don Baba har ya rasu yana cizon yatsa. Ya ce ya taho bai gaya wa ƙaninsa ba, gefen nan jigawa ne, gero da gyaɗa kawai yake karɓa. Yana tsakiyar kwasar gishiri sai ya tsaya ya ce, 'Yanzu haka yaron nan ya zuba dawa a wurin.'"

Tsohon ya yi ƙoƙari ya riƙe, abin ya ƙi. Dariya ta kuɓuce masa. "Damina uku," ya ce. "Damina uku Baba yana zuba dawa tana ƙonewa, yana cewa sammu aka yi masa."

Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya sunkuyar da kai. 'Ya'yan suka kalli juna.

Iya ta ce, "Ku kwantar da hankalinku. Na tashi a garin da sarauta biyar ta yi wa rububi, kowacce ta ce nata ne har abada. Duk sun tafi, masu kwasar gishiri suna nan. Gona ta wanda ya zuba mata zufa ce. In ina da rabo a cikinta, ga ɗana ga jikana shaida, na bar muku duniya da lahira."

Baffa ya gyara zama. "Iya, da dai an ɗan yi shawara."

"Da ka ce a rubuta ƙarya, da wa ka yi shawara?"

Ya koma ya jingina da bango.

"Abin da na zo nema," ta ci gaba, "ba zai ci muku ko kunya ɗaya ta gona ba. Ku faɗa a gaban dagaci cewa ubana ɗan gidan nan ne. Shi ke nan. Mutumin nan ya ƙare rayuwarsa kowace hukuma tana tambayarsa shi ɗan ina ne. Ina so ko sau ɗaya a amsa masa."

Tsohon ya laluba ya kamo sandarsa. Ya ce da babban ɗansa, "Shiga ka gaya wa mata 'yar gida ta zo." Sannan ya juyo inda ya ji muryar Iya. "Ranar da kika zo da mijinki, ni na kawo muku ruwan. Na san ko ke wace ce. Ki yafe mini."

"Ruwan dai da sanyi," in ji Iya. "Tashi mu je wajen dagaci kafin ya tafi kasuwa."

A ƙafa ya tafi, ya ƙi shiga mota, Iya tana riƙe da bakin sandarsa. Da muka dawo, mata suka janye ta ciki, mu kuma aka bar mu a zaure da tuwon gero har la'asar ta yi sanyi, muna jiyo muryarta tana yi musu bayanin ruwan da akuya ba ta sha. Kashegari Baffa da kansa ya je ya ɗauki tsohon ya kai shi kotu ya yi rantsuwa. Mun miƙa takardu saura kwana biyu a rufe. Da fasfo ya fito, na karanta mata layin wurin haihuwa, ta sa na maimaita. Ta karɓa ta juya shi, ta kai shi kusa da ido ta ce, "Hoton ne dai bai yi ba. Sun mai da ni tsohuwa."

Ana saura kwanaki su tashi, liman ya zo yi mata bitar aikin hajji. Ta tambaye shi ko za ta iya yin niyya da sunan mahaifinta. Ya ce na farko nata ne, ba mai yi wa wani sai wanda ya riga ya sauke nasa. Na ga abin ya taɓa ta. Baffa yana bakin ƙofa, yana kallon ƙasa, sai ya ce, "To ni nawa ya riga ya sauka. Wannan na kakana ne." Iya ba ta dube shi ba. Ta dai miƙa hannu ta ɗauki goron da ya ajiye, ta ɓare, ta ba liman rabi.

Sun je sun dawo lafiya. Ba ta sa haƙorin Makka ba, ta ce ba inda za a maƙala shi. An gwada kiran ta Hajiya na ɗan lokaci, sunan ya ƙi kamawa. Ta ƙara fiye da shekara goma a duniya, kuma duk kaka sai buhun gero ya zo daga ƙasar Zakirai, ko bayan tsohon ya riga ta gidan gaskiya. Ta ba da labarin Ka'aba, da Arfa, da cunkoson jifa, har mata suka haddace. Amma in na ce, "Amarya, kin ga tekun kuwa?" sai ta ce, "Na gan shi. Yana nan inda na bar shi." Ba ta ƙarawa.

Sai ranar addu'ar uku na ji sauran. Mutane sun watse bayan azahar, muna naɗe tabarmi ni da Baffa, sai ya zauna a kan dakali ya ce in zauna.

Ya ce bayan sun gama komai, suna Jidda suna jiran jirgi, ta ce ya kai ta bakin ruwa. Ya ɗauki tasi. Da suka isa, ta tambayi direban da Larabcinta ta ina Musawwa take daga nan, ya nuna mata da hannu. Ta cire takalmi ta shiga ruwan har idon sawu, ta fuskanci inda aka nuna mata. Ta daɗe a tsaye. Shi ya ɗauka addu'a take yi, ya matsa don ya ce amin. Sai ya ji tana magana a hankali, kamar da mutumin da ke zaune a tsakar gida.

"Baba, an ƙetare. Jikanka ya yi naka, ni na yi nawa. Mutanen gida suna gaishe ka."

Na matsa kusa da Baffa.

"Daga nan fa?" na ce.

"Daga nan ta juyo ta ce, 'Me ka tsaya kana kallona? Miƙo mini takalmina.'"

Ya yi dariya kaɗan, sannan ya ja bakin rigarsa ya rufe fuska. Tun ranar Talata sai a lokacin na ga ya yi kuka.

Allah Ya yafe mata kura-kuranta, Ya yalwata makwancinta, Ya saukar da ita tare da iyayenta a gidan da Mai mulkinsa ba Ya sakewa. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.